Sun Cire Wa Ɓawo Ƙugiya, Yanzu Ubana Ake Takawa

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, barkanku da war haka, ya iyali ya ƙoƙari. Admin don Allah ki ɓoye sunana, ko da yake na san duk wanda ya fito daga yankinmu yana karantawa zai gane ni, to ya gane ɗin, na gaji. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, tsohuwar malamar firamare ce, ban iya gajarta zance ba, har na yi ritaya hedimasta yana fama da ni a kan haka.

Ni haifaffiyar wani ƙauye ce a ƙasar Gwarzo, kusa da Madadi, idan ka miƙe gabas ka faɗa ƙasar Kabo wajen su Durun. Asalinmu masu shanu ne da suka zauna suka kama noma. Na yi wayo a lokacin da gyaɗa take gyaɗa, lokacin da kaka in ta yi, ba ka jin komai a gari sai ƙarar turmi da kukan jakuna, mata na ɓara suna sheƙewa, maza na ɗinke buhu, manyan motoci na zuwa suna kwasa zuwa Kano. Mahaifina shi ne mai sikelin garinmu. Shi yake awo a madadin wani attajiri na birni, yana da rumfa a bakin kasuwa da sikeli rataye a jikin itace uku. Sunansa na yanka Muhammadu, amma sunan da kakata ta laƙaba masa, wanda tsararrakinsa suke kiransa da shi, shi ne Bawo. Wallahi yau ne karo na farko da na rubuta sunan nan da hannuna, mu ba ma faɗar sunan uba, Baffa muke ce masa, matan gari kuma su ce Mai Sikeli.

To a bayan rumfarsa ake zubar da ɓawon gyaɗa. Kowane gida in sun gama ɓara sai a kwaso a juye a can, har ya yi tudu. Shi Baffa yana son ɓawon ne saboda shanu, in aka murƙushe shi aka shimfiɗa a garke yana shanye laima, daga baya ya zama taki mai kyau. Amma wa zai zauna dakan ɓawo? Sai ya riƙa kiran mu 'yan mata da la'asar, a baza ɓawon a fili, ya ce mu hau mu tattake, ladanmu gyaɗa soyayya da alewa. Kun san 'yan mata, ba a haɗa su wuri ɗaya a hana su waƙa. Muka fara tafi, ƙafa na bi, ɓawon nan yana ba da wani sauti ƙaras-ƙaras, in ƙafafu suka daidaita sai ka rantse ganga ake bugawa. Waƙarmu ita ce: taka ɓawo yarinya, ƙwaya ta tafi birni, ɓawo namu ne. Daga nan abu ya girma, 'yan matan ƙauyukan wajen Durun suka fara zuwa ana gasa, masu kalangu suka shigo, direbobin motocin gyaɗa su tsaya kallo har yaran mota su yi ta yi musu hon. Kowace kaka sai an yi, aka sa masa suna Taka Ɓawo. Baffa yakan zauna a kan buhu yana dariya har hularsa ta faɗo, in wata ta kuskure taki ya ce a fitar da ita ta je ta koyo wajen akuya.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ban ce ubana waliyyi ne ba. Mai sikeli ne, kuma babu mai sikelin da manomi bai taɓa yi wa gunaguni ba. Na sha jin ana cewa ya cika ƙin gyaɗa mai danshi, ya cika sa a sake sheƙewa, wani ma ya yi fushi ya ɗauke buhunsa ya tafi Gwarzo da shi. Amma babu wanda ya taɓa ɗaga masa hannu. Da cuta ta faɗa wa gyaɗa gonaki suka ƙanƙance, sikeli ya tsaya, rawa ta mutu don babu ɓawon takawa, shi kuma ya koma ga shanunsa. A kan shimfiɗarsa ya rasu, da kalmar shahada, jama'ar da suka raka shi sai da aka rasa wurin tsayawa. Wannan ina wurin, ba labari aka ba ni ba.

Yanzu ga inda matsalar ta taso. 'Yata ta fari tana aure a Kano, mijinta yaro ne mai ladabi, ban taɓa samunsa da laifi ba, harkarsa shirya taro ne da bukukuwa. Wata rana na je wankan jego gidansu, ina ba jikoki labarin rawar nan, har na tashi na gwada musu takun a kan tayil suna ta dariya, ashe surukin nawa yana falo yana ji. Ya aiko matarsa ta yi ta yi min tambayoyi, ni kuwa baki ya buɗe, na zayyane komai. Sunan Baffa ne kawai ban faɗa ba, don ba a faɗa, ita ma 'yar tawa ba ta taso ta same shi ba, Muhammadu ta sani. Ba a daɗe ba na ji wai ya yi wa sunan rajista a matsayin na kamfaninsa, zai riƙa shirya bikin kiɗe-kiɗen gargajiya a birni duk bayan kaka. Wallahi murna na yi. Na ce abin da ya mutu tun ina budurwa ga shi Allah ya kawo mai tashinsa, har addu'a na yi masa.

Da aka kawo min fosta sai na ga an rubuta TAKA BAWO da manyan baƙaƙe, babu ƙugiya a kan ba ɗin. Na ce kai, 'yan zamani ne, duk haka suke rubutu, su rubuta kasa kana rasa ƙasa suke nufi ko kasawa. Shekara nawa na yi ina bugun allo da rula a kan ɓa da ɗa da ƙa, ga shi ku ma da kuke karanta wannan na san rabinku ba kwa sa ƙugiyar. Na aika a gaya masa a gyara, aka ce mai buga fosta ya ce kwamfutarsa ba ta da harafin, kuma haka aka rubuta a takardar rajista, sai dai a hankali. Na bar zancen, don a ganina kowane Bahaushe ya ga gyaɗa a jikin fosta ya san ɓawo ake nufi.

Ashe ba haka ba ne. A bikin farko, wata baƙuwa cikin waɗanda suka zo daga kudu ta tambayi emsi, wato mai gabatar da taron, a gaban jama'a, wai wane ne wannan Bawo da ake takawa. Shi kuma ɗan surutu, irin waɗanda ba sa cewa ban sani ba, nan take ya ƙera labari. Wai a zamanin gyaɗa an yi wani azzalumin mai sikeli sunansa Bawo, yana danne awo yana cinye gumin talakawa, rannan matan ƙauye suka gaji suka kayar da shi a kan tulin gyaɗa suka tattake shi, daga nan rawar ta samo asali. Ya faɗa da Hausa ya faɗa da Turanci, wuri ya ɗauki tafi. Ni ban ma ga laifin tunaninsa ba, in za ka ƙirƙiri mugu a labarin gyaɗa, wa za ka kama in ba mai sikeli ba? Bai san mu ba, bai san an taɓa yin wani Bawo ba. Amma an ɗauki bidiyo, kafin sati ya zagayo ya shiga kowace waya, 'yan boko suna ta rubutu a ƙasa wai ga tarihin jarumtar matan Hausa da aka ɓoye.

Labarin nan shi ya ɗaga bikin. Bara mutane suka zo daga Abuja da Legas har da Turawa, otal-otal suka cika, kamfanoni suka shigo ɗaukar nauyi. Aka ƙara da wasan kwaikwayo, a fito da wani ƙato da tumbin tsumma da babbar riga, mata su kayar da shi. Sai surukina ya ƙara wani tsari, washegarin biki a ɗebi baƙi a bas-bas a kai su ƙauyen da abin ya samo asali, wato garinmu. To da suka sauka, wani cikinsu ya tambayi wani tsoho da ke zaune a gindin bishiya ko ya san inda Bawo ya zauna. Bawan Allah nan kunnensa ma ba ya ji sosai, bai san hawa ba bai san sauka ba, ya ce a'a, Bawo mai sikeli? Ai ga gidansa can mai ƙofar langa-langa. Shi ke nan. Ƙarya ta samu gida ta shiga ta zauna. Suka yi ta hoto a ƙofar gidan da aka haife ni, wata har ta ɗaga ƙafa tana nuna tana taka dokin ƙofa.

Da hoton ya iso wayata, jama'a, kuka na yi irin wanda ban yi ba tun rasuwar maigidana. Ranar ce 'yata ta san sunan kakanta, ita ma ta yi kuka, ta gaya wa mijinta. Ba zan zalunce shi ba, ya zo har gida, ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa kansa a ƙasa. Kun san tsakanin mace da mijin 'yarta, kuma 'yar fari, ni ina ɗaki a bayan labule, ƙanena Ado ne yake karɓar maganarsa yana miƙo min kamar ba na ji. Ya rantse bai sani ba, na kuma yarda. Ya ce zai hana emsi ambaton garinmu, amma sunan biki ba zai taɓu ba yanzu, don da shi aka yi rajista, da shi masu ɗaukar nauyi suka sa hannu, da shi baƙi suke nemansa a waya. Wai ya gwada yi wa ɗaya daga cikin manyan masu ba su tallafi bayanin gaskiya, mutumin ya yi dariya ya ce wa zai hau jirgi ya zo kallon ana taka ɓawon gyaɗa. Ina da amsoshi cike da baki, amma ta yaya zan ɗaga murya a kan suruki? Abin da na iya cewa kawai shi ne Allah ya kyauta, ya tashi ya tafi yana ganin kamar na haƙura.

Na ɗauka mutanen garinmu za su taya ni, tun da akwai sauran tsofaffin da suka san Baffa, wasu ma shi ya yi musu hanyar auren fari. Na shirya na je wajen mai gari, ya karɓe ni da mutunci, muka gaisa ya tambayi yara da jikoki ɗaya bayan ɗaya, ya saurare ni har na gama. Sai ya ce Hajiya duk abin da kika faɗa haka yake, shi ma yana yaro ya ci gyaɗar Mai Sikeli. Amma in duba, tun da gyaɗa ta mutu wace mota ce ta taɓa tsayawa a garin nan in ba ta siyasa ba? Yanzu ga baƙi, ga rijiyar burtsatse da wata ƙungiya ta haƙa bayan ziyarar bara, ga samari 'yan acaɓa suna samu, har ana zancen gyara hanya. Ya kuma gaya min abin da ban sani ba, wai mutanen wani ƙauye a wajen Durun sun riga sun aika wa kamfanin cewa ai rawar tasu ce, 'yan matansu ne suka fi iyawa, kuma su ma suna da kangon wani mai sikeli da za su nuna. Tun da sunan na kamfani ne, ba na gari ba, duk inda suka ga dama nan za su juya bas ɗinsu. Ya ce in na tayar da magana, ba a birni za a ji zafin ba, a nan za a ji.

Daga nan na biya wajen Lanti, ƙawata tun ta ƙuruciya, wadda muke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a kan ɓawon nan, ita ce ma mai ba da waƙa mu muna amshi. Na same ta tana tuyar ƙuli, jikoki marayu sun kewaye ta, ɗanta ya rasu ya bar mata su. Ta ce min abin da ta sayar na ƙuli da man gyaɗa a ziyarar bara shi ya kai su har damina. Na ce Lanti, ke ma kin yarda mun taka Baffa? Ta ce Allah ya kiyaye, ita ba ta taɓa faɗa da bakinta ba, in baƙi suka tambaye ta sai ta ce ita yarinya ce a lokacin ba ta tuna ba. Na ce to ai shirun naki shi ne shaida. Ta share hawaye da bakin zane ta ce in ina da abin da zan ba yaran nan in kawo, ita gobe ma sai ta hau kan kasuwa ta faɗi gaskiya. Fanshona kuwa ni kaina ba ya kai ni ƙarshen wata. Mun rabu ba faɗa, amma tun ranar ba ta kira ni ba, ni ma ban kira ta ba.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne Ado, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi yake zaune a gidan. Ashe ya zaro tsohon sikelin Baffa daga rumbu, ya goge tsatsa, ya rataye a zaure, duk baƙon da ya zo ya shiga ya gani ya ɗan ajiye masa wani abu. Da na tuhume shi sai ya ce shi bai taɓa cewa Baffa azzalumi ba ne, sikeli kawai yake nunawa, kuma ai Baffa yana inda zancen mutane ba ya isa, Allah ya san abin da ya aikata. Wai ni ina garin Gwarzo cikin gidan siminti ina karɓar fansho, shi ne aka bari da kango da iyali. Na gaya masa maganganu masu zafi, ban ma san ina da su ba, na ce da Baffa zai leƙo ya ga wanda ya bari a gidansa da ya gwammace ya bar wa shanu. Ya ce in fita, na fita. Ni da Ado da ko ƙwai aka dafa sai mun raba.

Na je wajen wani malami da nake girmamawa, ya ce ƙazafi ga mamaci zunubi ne babba, kuma wajibi ne ɗa ya kare mutuncin iyayensa, amma a bi ta hanyar da ba za ta haifar da ɓarnar da ta fi ba. Na ce malam wace hanya ce wannan? Ya ce in yi ta addu'a. Wani ɗan tsohon abokin aikina lauya ne, ya ce ana iya kai ƙara a nemi a canza sunan. Wa zan kai ƙara? Mijin 'yata, uban jikokina, wanda ya ajiye sauran harkokinsa ya zuba ƙarfinsa duka a wannan biki? 'Yata ba ta ce min kar in yi ba, ba za ta iya ba, amma duk lokacin da muka yi waya sai ta yi ta ba ni labarin makarantar yara da ban tambaye ta ba.

To yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Bikin bana ranar Asabar mai zuwa ne. Surukina, a nasa tunanin na gyara, ya sa an naɗa ni Uwar Biki. An kawo min atamfar anko da kati, wai za a zaunar da ni a kujerar gaba, a kira ni kan dandamali a matsayin ɗaya daga cikin waɗanda suka yi rawar da ƙafarsu, a ba ni makirufo in yi waƙar asali in nuna takun. Saƙon da ya biyo ta bakin 'yata shi ne, don Allah Inna ta yi waƙarta kawai, kar ta taɓa zancen Bawo, a hankali za a riƙa rage shi shekara bayan shekara har a manta. Amma na tambaya, wasan kwaikwayon yana nan, an ce yana nan, don shi mutane suke sayen tikiti. Kuma ni na san mutane, ba a rage labarin da ke kawo kuɗi, ƙara masa gishiri ake yi.

In na ƙi zuwa, an ci gaba ba ni, kuma na kunyata 'yata a gidan mijinta. In na je na yi waƙa na sauka, to na zama hatimi, gobe za a ce ai har 'yar garin da aka yi abin a gabanta ta zo ta tabbatar. In kuma na karɓi makirufo na ce jama'a ɓawo ne ba Bawo ba, Bawo ubana ne kuma babu wanda ya taka shi, to na san bidiyon zai zaga kamar yadda na farko ya zaga, mai yiwuwa masu ɗaukar nauyi su janye, bas ta koma wajen Durun ko ta daina zuwa gaba ɗaya, Lanti ta koma neman abin da za ta ba marayu, 'yata kuma ta zauna da mijin da uwarta ta tozarta a gaban duniya. Ina son yarinyar nan, ko da ban taɓa iya gaya mata ba. Ina kuma son ubana, kuma ba shi da bakin da zai kare kansa sai nawa.

Don Allah ku ba ni shawara tsakaninku da Allah, kar ku duba tsufana ku lallashe ni. Masu iyaye a ƙasa, ku za ku iya? Masu 'ya'ya a gidan miji, ku fa? In je ko kar in je, in kuma na je in faɗa ko in yi shiru? Telana ya aiko tun jiya a kai masa atamfar, har yanzu tana cikin ledarta ban buɗe ba. Abin da na sani kawai, in ban yi komai ba, ranar Asabar za a kayar da ubana a gaban dubban mutane a tattake shi ana tafi, ni kuma ina kujerar gaba da sabon ɗauri.